Mita Biyar da Na Ba Kwamfuta

Lamba ɗaya na buga, biyar, na danna maɓalli. Abin bai kai ƙiftawar ido ba. Amma sai da na yi mako uku ina zarya tsakanin Sakkwato da fadamar Wurno ina kwasar ɓarnar da lambar nan ta yi, kuma har yau akwai guntun da ya ƙi kwasuwa.

Sana'ata zanen taswirar filaye da gonaki a kwamfuta. Mutanen ƙauye safiyo suke ce mana, da mai hatimin gwamnati da irina mai ɗan ofis a bayan shago, duk ba su bambanta mu ba. Ni mutumin Rabah ne, a bakin gulbi na tashi, mahaifina manomin fadama ne har ya koma ga Allah. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada wani ya nema mini uzurin cewa ɗan birni ne, bai san darajar taku ɗaya na ƙasar fadama ba. Na sani sarai.

A ƙarshen 2018 ne, bayan an girbe na damina. Tun da aka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, awon gona ya zama kasuwa a yankinmu. Duk mai ba da bashin taki, iri ko injin ban ruwa, na gwamnati ne ko ɗan kasuwa, sai ya ce a kawo masa girman gonar kowa da hekta, don da hekta ake lissafin abin da za a ba mutum da abin da zai biya. Ga shi kuma a ranin da ya gabata ruwan madatsar Goronyo ya ja baya ƙwarai, har aka yi ta maganarsa a rediyo. Madatsar da aka kammala a 1984 don ta riƙe ruwa mita kubik miliyan 942, mutane suka ga tsakiyarta ta zama tudu. Wannan ya tsorata manoman da ke ƙasa da ita a kwarin Rima, kowa ya shiga neman rijiyar burtsatse da injin kansa. Wata ƙungiyar manoma a wani ƙauye tsakanin Wurno da Goronyo ta sami mai ba ta kayan noma bashi, da sharaɗin taswira da jadawalin sunaye. Gona 140. Aka ba ni aikin.

Wanda bai taɓa shiga fadamar Rima da igiyar awo ba zai ɗauka gona murabba'i ce, kusurwa huɗu, shi ke nan. Ina! Ƙasa ce da ake noma tun kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da Wurno ribaɗinsa, inda aka rufe shi a 1837, kuma tun daga nan gado yake yanka ta, kaka ya raba wa 'ya'ya, 'ya'ya su raba wa jikoki. Akwai gona mai kama da ƙahon sa, akwai mai kama da lauje, akwai wadda ta miƙa harshe siriri zuwa bakin ruwa don mai ita ya sami inda zai dasa inji. Tsakanin gona da gona kuwa ba katanga ba ce. Kunya ce mai faɗin taku ɗaya, ko ɗan lambatun ruwa, ko turbar da jaki ɗaya ke bi, ko tushen gamba da wani ya dasa shekara arba'in da suka wuce.

Kwana tara muka yi muna zagaye, ni da yara biyu, da na'urar GPS ta hannu. Kowace gona mai ita yana gaba muna biye, duk inda iyaka ta karya sai mu tsaya mu ɗauki lamba. Muka dawo Sakkwato da ɗigo fiye da dubu. Na ba wani ɗalibi da ke zaman sanin makamar aiki a wurina na ce ya zuba su a AutoCAD ya haɗa iyakokin. Ban gaya masa da wane umarni zai haɗa ba. Ban ma leƙa ba sai daren Laraba, alhali da safiyar Alhamis za a karɓi aikin.

A nan sai na ɗan yi bayani, don duk rikicin a kan wannan ya rataya. AutoCAD, manhajar da kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar tun 1982, tana da manyan hanyoyi biyu na jan layi, kuma a ido ba ka bambanta su. In ka yi amfani da umarnin LINE, kowane tsakanin ɗigo biyu abu ne mai zaman kansa. Ko ka zagaye gona mai kusurwa shida ba ka ɗaga hannu ba, tsinke shida ka jera, babu wanda ya san da zaman ɗan'uwansa. In kuwa PLINE ka kira, abin da za ka samu shi masu zane ke kira folilayin: layi ɗaya mai gaɓoɓi, kamar karan dawa, gaɓa goma amma kara guda. Shi wannan in ka taɓa shi ko'ina, duk jikinsa ke amsawa, kuma manhajar tana iya gaya maka tsawonsa da faɗin filin da ya kewaye. Tsinke ba shi da ciki, saboda haka ba shi da hekta. Ni kuwa hekta aka ce in kawo.

Da na buɗe fayil ɗin na taɓa iyakar gona ta farko, sai gefe ɗaya kawai ya haskaka. Na taɓa ta biyu, haka. Yaron da LINE ya zana komai, tsinke sama da dubu ɗaya da ɗari. Bugu da ƙari, a wurare da yawa bai kunna abin da ke sa bakin layi ya kama ɗigo daidai ba, da ido ya sauke. Daga nesa kusurwa ta haɗu tsaf. In ka zuƙo ta kusa sai ka ga baki biyu suna kallon juna, ba su gaisa ba.

Akwai magani, kuma duk wanda ya daɗe a sana'ar ya san shi. Ka kira PEDIT, ka zaɓi yin aiki a kan abubuwa da yawa a lokaci ɗaya da harafin M, ka kwaso layukan, ta tambaye ka ko ta mai da su folilayin ka ce e, sannan ka buga J don ta ɗinke su. Daga nan sai ta yi maka tambaya ɗaya, wadda ita ce zuciyar labarin nan: giɓi mai faɗin nawa ka yarda in rufe? Ni tazarar rangwame nake ce wa wannan lamba. In ka bar ta a sifili, sai bakin da ya taɓa baki daidai za ta haɗa. In ka ba ta santimita biyar, duk baki biyu da ke tsakanin santimita biyar za ta ja su su haɗu. Yadda aka saita ta daga kamfani, miƙa layukan take yi ko ta datse su har su gamu, sai in kai ka ce ta saka ɗan guntun layi a tsakani.

Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, babu wuta, janareta yana tari, man da ke ciki ba zai kai awa biyu ba. Na kwaso komai gaba ɗaya, da iyakoki da lambatu da turba, ban ware komai ba. Na ba ta sifili, kaɗan suka haɗu. Na koma baya na ba ta rabin mita, aka sami ci gaba, amma har yanzu gutsattsari ko'ina. Sai zuciya ta kawo mini wata hujja mai daɗin ji: ai na'urar GPS ta hannu ma kuskurenta yakan kai mita uku zuwa biyar, to mene ne a ciki in na ba da biyar? Na buga biyar. Nan take zanen ya ɗinke. Na taɓa gona, ta haskaka zagaye. Na taɓa wata, haka. Na ce alhamdu lillahi.

Hujjar nan ruɓaɓɓiya ce, kuma da na tsaya minti ɗaya da na gane. Kuskuren GPS magana ce ta inda ɗigo ya faɗi a doron ƙasa. Tazarar rangwame kuwa magana ce ta wa za a ɗaura wa wa. A fadamar da kusurwar gonar wani take taku biyu daga kusurwar maƙwabcinsa, ka ce wa manhaja duk bakin da ke cikin mita biyar halal ne, ka ba ta izinin ɗaura aure tsakanin gidajen da ba su nemi juna ba. Ita ba ta san Malam wane ba, ba ta san gado ba. Baki mafi kusa take nema.

Na bi gonakin ɗaya bayan ɗaya, in taɓa, in kalli akwatin bayanai a gefe, in kwafi lambar faɗi, in raba da dubu goma ta zama hekta, in zuba a jadawali. Idona yana kan lamba, ba ya kan zane, zanen ma na tura shi nesa don in ga ƙauyen duka a allo ɗaya. Wajen gona ta sittin hannu ne kawai ke aiki. Da na gama na tara jimla, ta zo kusa da abin da na kintata tun a fili. Wannan ya ƙara kwantar mini da hankali, ban tuna cewa abin da aka cire wa Audu aka ƙara wa Tanko ba ya taɓa jimla ba. Da safe na buga babbar taswira, da 'yar takarda guda ga kowane manomi mai sunansa da hektarsa da sa hannuna a ƙasa. Aka biya ni.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan shugaban ƙungiyar ya kira ni. Ya ce akwai wani dattijo da ya ƙi karɓar takinsa, wai an rage masa gona. Takardarsa ta ce hekta 0.49, shi kuwa ya rantse gonarsa ta fi ta ɗan ƙanensa da ke maƙwabtaka da shi, ga shi an rubuta wa yaron 0.80. Abin da na ce masa a wayar nan shi ya fi komai ci mini rai in na tuna. Na ce: “Alhaji, ka san tsofaffinmu, kowa gani yake gonarsa ta fi ta kowa. Kwamfuta ba ta ƙarya, ba ta da dangi a garinku.” Har da 'yar dariya.

Ya yi shiru, sannan ya ce to ga dattijon nan kusa, in ji daga bakinsa. Muryar ta zo a hankali, babu faɗa a cikinta.

“Malam safiyo, ni ban yi boko ba, ban san hekta ba. Amma gonag ga na san ta awa yunwar cikina. In mun tada inji, ni nika ƙone galan ukku kahin ruwa shi kai ƙarshe, yaron ga biyu shika ƙonewa. Mi yas sa takarda tac ce tashi ta ɗara tawa? Ko man ne ka ƙarya?”

Na ce, “Baba, za a duba.” Na kashe waya ina jin haushinsa.

Ban duba a ranar ba. Washegari ma da na buɗe fayil ɗin, ba don in gano gaskiya na buɗe ba, don in sami abin da zan tura wa shugaban ne ya rufe bakin tsohon. Na nemo gonar, na zuƙo ta har ta cika allo, na taɓa iyakarta. Gefe huɗu suka haskaka. Gefe biyu, waɗanda suka zagaye harshen da ya miƙa zuwa bakin ruwa, suka zauna shiru. Na taɓa su, sai ga gonar ɗan ƙanen ta haskaka tare da su. Manhajar ta iske giɓin mita huɗu a kusurwar dattijon, ta iske bakin layin maƙwabci a mita biyu, ta ɗauki mafi kusa. Harshen gonar ya koma jikin gonar yaron.

Wani zai ce, to in gonar dattijon ta zama buɗaɗɗiya, yaya aka yi ta ba da hekta? Nan ne tarkon yake. AutoCAD ba ta ƙin ba ka faɗin folilayin don bai rufe ba. Sai ta ɗauka akwai miƙaƙƙen layi daga gaɓar ƙarshe zuwa ta farko, ta yi lissafi a kan haka, ta miƙo maka lamba mai ɗigo da lambobi huɗu a bayansa, tsaf kamar gaskiya. Layin nan da babu shi a allo, babu shi a ƙasa, shi ya yanke wa tsohon kwatan hekta: murabba'in mita 2,500, wato fili mai mita hamsin kowane gefe, kuma mafi tsadar wurin, inda ruwa yake. Abin takaicin, a cikin akwatin bayanan nan da na kwafi lamba sau 140, ƙasa kaɗan da inda aka rubuta faɗi, akwai layin da ke cewa ko zanen a rufe yake ko a buɗe. Yana nan yana cewa a'a. Ba ta ɓoye mini komai ba. Ni ne ban sauke ido ba.

Abu na farko da na yi, na kira ɗalibin na wanke shi tas. Wa ya koya maka zana iyaka da LINE? Me ya hana ka kunna abin da ke kama ɗigo? Yana tsaye, kai a ƙasa, yana ba da haƙuri. Sai da ya fita na ji kunya ta rufe ni. Laifi tudu ne. Shi tsinkaye ya bar mini, kowanne a inda aka auna shi, babu gonar da ya taɓa. Zanensa bai kammala ba amma bai yi ƙarya ba. Ƙaryar ta shigo ne a daren Laraba, da yatsana. Kuma shi koyo ya zo yi, ni ne ban koyar ba.

Abu na biyu da ya zo mini ya fi na farko muni: in gyara gona biyun nan a ɓoye, in sake buga takarda biyu, in ce kuskuren bugu ne, an juya lambobi. Da ya wuce lafiya, babu mai tambaya. Abin da ya hana ni ba tsarkin zuciya ba ne da farko, tsoro ne, don na san in ya faru a wuri ɗaya ba abin da zai hana shi faruwa a wani. Na kira QSELECT na ce ta ware mini duk folilayin da bai rufe ba. Wannan binciken bai fi daƙiƙa goma ba, da na yi shi a daren Laraba da labarin nan bai samu ba. Guda 23 suka fito. Na bi su. Goma sha huɗu giɓinsu ƙarami ne, bai canza lissafi ba. Tara kuwa hektarsu ba daidai ba ce, wasu an ƙara, wasu an rage. A wuri ɗaya ma lambatun da ke tsakanin gona biyu ya shige cikin iyakar ɗayansu, wato a takarda hanyar ruwan jama'a ta zama mallakar mutum ɗaya.

Tun muna makarantar allo muke jin gargaɗin malamai a kan mai gusar da alamar iyakar ƙasa, kuma kullum hoton da ke zuwa mini shi ne mutum da fartanya da tsakar dare yana tuge gamba. Ban taɓa kawo wa raina cewa ana iya yinsa a zaune a kujera, da fanka a kai, ba tare da ƙiyayyar kowa ba.

Na kuma tambayi kaina me ya sa tun farko, da na ga giɓi na mita uku da huɗu, ban ce a ɗaga ranar ba in koma fili. Amsar da na tanada ita ce hanya. A damanar shekarar ne aka kai harin Tabanni a gundumar Gandi ta ƙaramar hukumarmu ta Rabah, kuma tun daga nan duk mai fita gabashin Sakkwato sai ya yi lissafin inda la'asar za ta same shi. Gaskiya ne, amma ba ita ce ta hana ni ba. Kwana tara na yi a fadamar nan lafiya lau, motocin kasuwar Achida kuma ba su fasa zirga-zirga ba. Kuɗin mota da na yara na ƙi sake kashewa, kuma ba na son in ce wa shugaban ƙungiya ban gama ba.

Ranar Asabar na tafi. Na roƙi shugaban ya tara mutum taran da maƙwabtansu a ƙofar gidan maigari. Suka fi haka yawa, don labari ya riga ni isa. Sai a nan na ji abin da takardata ta tono. Harshen nan na bakin ruwa an taɓa yin ja-in-ja a kansa bayan ambaliyar 2010, wadda ta shafe kunyoyi da alamomi a fadamar tun daga Goronyo har Sakkwato. A lokacin dattawa suka zauna suka tabbatar wa tsohon, magana ta mutu. Shekara takwas ba wanda ya tada ita. Yanzu ga takarda daga birni, da zane, da sa hannu, tana cewa na yaron ne. Har ya fara cewa bana shi zai dasa inji a wurin. Matan gidajen biyu sun daina aika wa juna tuwo.

Na miƙe na ce, “Ranka ya daɗe, Baba, jama'a, takardun nan tara ba daidai ba ne, kuma ba na'ura ce ta yi kuskure ba, ba yaran da suka yi awo ba ne. Ni ne. An tambaye ni wata lamba, na ba da wadda ba ta dace ba don in gama da wuri, kuma ban duba abin da ya fito ba. Da Baba ya yi magana kuma na ce kwamfuta ba ta ƙarya.” Na karɓi karan dawa na kakkarya, na jera a ƙasa siffar gona biyu, na nuna musu yadda kara biyu na wannan suka koma jikin waccan. Sun gane nan da nan, fiye da yadda wasu ɗalibai ke ganewa a gaban allo. Wani daga baya ya ce, “Ashe dai abin awa ɗinkin tela na, in ya yi sauri shi haɗa hannun riga da wuya.” Aka yi dariya, ban da mutum biyu.

Dattijon bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Ya ce, “To, mu tai gonar.”

Muka tafi. A kusurwar da giɓin mita huɗu yake, ya nuna mini da sandarsa. Wani ɗan kwari ne da ruwa ke kwanciya bayan damina. Ranar awo laka ta kai gwiwa, yaron da ke riƙe da na'ura ya ɗauki lamba a wannan gefe, ya zagaya ya ɗauki wata a wancan, ya bar tsakiya. A littafinsa ma ya rubuta “ruwa” a gefen lambar, littafin yana cikin aljihun teburina ban buɗe ba. Giɓi na biyu tsohuwar rijiya ce da gona uku ke sha. Na uku turba ce. Kowane giɓi da na rufe a daren nan yana da dalilinsa a ƙasa, kuma akwai mutumin da zai iya gaya mini dalilin cikin jimla ɗaya da na zo na tambaya. Zanen yana nuna mini wuraren da ban gama awo ba ne, ni kuwa na ɗauke su datti da za a share.

Mun sake auna gona 23 ɗin, wannan karon da tef a kusurwoyin da ke kusa da juna, maƙwabta biyu suna tsaye. Gonar dattijon ta fito 0.74, ta ɗan ƙanensa 0.55. Galan uku da galan biyu, lissafin tsohon bai yi nisa da nawa ba, kuma shi bai buƙaci janareta ba.

Yadda nake aikin yanzu ya fi cin lokaci, kuma ban ga laifin hakan ba. Kafin in taɓa komai sai na ajiye kwafin fayil ɗin yadda ya zo. Iyakoki kaɗai nake bari a allo, lambatu da hanya da rubutu duk in ɓoye su. In share layukan da suka hau kan juna da OVERKILL, in tabbatar duk suna kwance a tsayi ɗaya, don layin da bakinsa ɗaya ke sama ɗaya ke ƙasa PEDIT ba ta ɗinke shi, komai kusancinsa a ido, kuma irin wannan taurin kan ne ke tunzura mutum ya yi ta ƙara lamba. Tazarar rangwame daga sifili nake farawa, in hau santimita ɗaya, in hau biyar, a goma nake tsayawa ko da sama za ta faɗo. Abin da ya wuce santimita goma ba rawar hannun mai zane ba ce, wani abu ne a fili. Duk wanda ya rage a buɗe in shafa masa ja, in bi shi da ido, wanda littafin awo bai warware ba in rubuta shi a jerin tambayoyin da zan koma da su. Inda gona biyu ke raba layi ɗaya kuwa, ɗinki ba ya aiki ko kaɗan, don kara ɗaya ba ya zama gaɓar kara biyu. Nan BOUNDARY nake kira in danna cikin gonar, ta zagaye ta ta ba ni sabon zobe rufaffe. Ina son wannan umarni saboda halinsa: in akwai kafa sai ya ƙi, ya ce bai ga iyaka ba. A ƙarshe in ƙirga. Gona 140, zobe rufaffe 140, ba 139 ba, ba 151 ba. Ɗalibin nan na ba shi haƙuri a gaban sauran yaran, kuma shi na fara zaunar da shi na koya wa wannan tsari. Yanzu ya fi ni tsanani a kai.

Bugu na biyu da kuɗin mota da na yara daga aljihuna suka fita, sun cinye fiye da rabin ribar aikin, wannan ba komai ba ne. Abin da ba na iya biya shi ne mako biyu da mutum tara suka yi suna jiran a gyara jadawali kafin a sake musu taki da iri. A noman rani mako biyu ba wasa ba ne, wanda ya yi lattin dashe shi zafin bazara da tsuntsaye ke samu a gona. Na tambayi shugaban daga baya yaya dattijon ya ƙare, ya ce ya samu, amma ba kamar bara ba. Bai ce saboda ni ba ne. Ban kuma tambaya ba.

Ranar da na kai sababbin takardu na ce kowa ya maido mini tsohuwar, in yaga a gabansa. Takwas suka kawo. Ɗan ƙanen dattijon ya karɓi sabuwar da hannu biyu, ya yi godiya, ya ninke ta ya sa a aljihu. Na ce, “Saura waccan fa?” Ya dubi gefe ya ce ya neme ta bai gani ba, wataƙila yara sun yi wasa da ita.

Tsohon yana zaune a kan buzunsa yana jan carbi, bai ɗago ba. Shekarunsa sun haura saba'in, yaron bai kai arba'in ba. Takardar kuwa ta ce 0.80, da zanen harshen bakin ruwa a cikinta, da kwanan wata, da sa hannuna a ƙasa.